Turanci A Sauƙaƙe: Mu Siffanta Rido Da Ganga Dogarau

Yawancinmu idan aka ce mu siffanta garinmu a jarrabawar WAEC ko NECO, sai mu jero gajerun jimloli kamar masu ƙirga buhuna: "Rido is in Chikun. Rido has a refinery." Ba kuskure ba ne, amma maki ba ya taruwa a haka.

Maganin shi ne ganga dogarau, wato yankin jimla da ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai ya jingina da wani. Kalmomi irin su which, that, because da although ne ke buɗe shi. Mu duba: "Rido, which lies south of River Kaduna, hosts a refinery that was opened in 1980." Ganguna dogarau biyu ke nan, na farko tsakanin waƙafi biyu.

Inda muka fi faɗuwa shi ne although. Da Hausa mukan ce "duk da cewa", mu ƙara "amma", sai hannu ya rubuta but. Turanci bai yarda da haɗa su ba: "Although the refinery is near us, petrol is expensive." Gaskiya mai ɗaci, amma jimlar lafiya lau take.

Aikin wannan mako: jimloli biyar kan Mararraban Rido, kowace da nata gangan dogarau.