Buɗaɗɗiyar mota da ƴaƴanmu

Matasanmu sun ga mota mai buɗaɗɗen rufi a finafinan Faransa da Amurka, yanzu ga ta nan jefi-jefi a titunan Yamai, musamman ranar kai amarya. Babban da ya zaɓi ya gasa kansa a rana, ruwansa. Ni abin da ya dame ni shi ne yaran da ake ɗorawa a kujerar baya, da ƴan makarantar da muke lodawa a bayan Hilux, don ita ma buɗaɗɗiyar mota ce, sai dai ta talaka.

Turawa sun ƙera irin wannan mota don ranar da ba ta cizo. Tamu kuwa tana cizo. A watan Afrilu zafi a Yamai yakan wuce digiri 40, alhali jikin mutum 37 ne. Iskar da ta fi jiki zafi tana shanye gumi tun kafin a gan shi, sai yaro ya yi ta rasa ruwa ba wanda ya lura. Ya iso aji da ciwon kai, malam ya ɗauka lalaci ne.

In hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, gudun mota yana ƙara wa sanyin asuba kaifi, ga kuma ƙura. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe mata ƙofa. Iyayen Yamai ba su manta da 2015 ba, shekarar da aka rufe makarantu saboda wannan cuta.

Wani zai ce ba kowa ke da rufaffiyar mota ba. Gaskiya ne. To amma hula, gorar ruwa, rigar sanyi da ƙyallen rufe hanci ba su fi ƙarfin yawancinmu ba. Da bazara a tashi da sassafe, kada a bari rana ta take.

Malamai kuma, in za a kai ɗalibai wasan ƙwallo ko jarrabawa a wani gari, ku ƙi motar da ba ta da rumfar tamfol. Yaro ba ya zaɓen motar da zai shiga, mu muke zaɓa masa.