Lilon jariri ba wurin barci ba ne

A Amurka, mai juna biyu kan rubuta jerin kayan da take so a shago irin Target ko Amazon, 'yan uwa da ƙawaye su zaɓa su saya mata kafin haihuwa, kuma da wuya ka rasa kujerar jariri ko lilo mai lantarki a ciki. Ni dai, jama'a, da za a nemi shawarata, lilon nan zan fara sokewa, ko a saye shi da sharaɗin yaro ya zauna ciki idonsa biyu, uwa na kallo. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba, ga kai da nauyi. In barci ya kwashe shi a kishingiɗe, haɓa kan sauko kan ƙirji, hanyar numfashi ta matse, ba lalle ya yi kuka ba. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerarsa ta kwantar da jarirai a kishingiɗe mai suna Rock 'n Play, kusan guda miliyan 4.7, daga kasuwa bayan mutuwar jarirai fiye da 30, a 2022 kuma dokar Amurka ta haramta kayan barcin jarirai masu gangaren da ya wuce digiri 10. Abin da ke damuna, kayan jarirai gwanjo suke komawa, mai saye kuwa kyau da araha yake dubawa, ba ya tambayar tarihi. Gara kuɗin ya tafi ga gado mai katifa mai tauri, a kwantar da yaro rigingine. Gado zai daɗe yana aiki, lilo kuwa da yaro ya fara juyi, wajen wata huɗu zuwa shida, an gama da shi.