Darasin da muke tsallakewa: tsakanin amfiyoksus da gaiwa

Lokacin da nake makarantar horar da malamai, akwai hoton wata ƴar halitta a tsohon littafinmu na Faransanci, wai ita amfiyoksus. Mun haddace sunan, mun zana ta a jarrabawa, mun ci maki. Da a ranar ka tambaye ni amfanin saninta, da na yi zuru. Yau shekaruna sun haura arba'in, ina koyarwa a Ɗan Barto, kuma ina ganin abokan aiki suna yi wa darasin dangantakar dabbobi ɗayan abu biyu: ko su sa yara hadda, ko su tsallake shafin don gudun magana da iyaye. Duka biyun cutar yaro ne.

Amfiyoksus ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, siririya ce mai tsini gaba da baya. Tana binne jikinta a yashin teku inda ruwa ba zurfi, ta bar baki a waje tana tace abinci. Ba ta da ƙoƙon kai, ba ta da ƙashi ko ɗaya. Amma akwai wata igiya mai ƙwari da ta ratsa bayanta, da jijiya a samanta. Irin wannan igiya tana bayyana a jikin ɗan tayin kifi, da na kaza, da na akuya, da na mutum, kafin ƙashin baya ya maye gurbinta. Abin da ya sa masana suka damu da ita ke nan. Kuma ba a Turai kaɗai take ba: a 1955 an bayyana wani nau'inta daga ruwan Legas, aka sa masa suna Branchiostoma nigeriense.

Abin da littafinmu bai faɗa mana ba shi ne sau nawa masana suka yi kuskure a kanta. Peter Pallas, wanda ya fara bayyana ta a 1774, ya sa ta cikin dangin dodon koɗi. A 1867 wani ɗan Rasha, Kowalevsky, ya duba yadda ƙwanta ke girma, ya nuna kusancinta da masu ƙashin baya. Daga nan aka daɗe ana koyar da cewa ita ce mafi kusa da su. A 2006 binciken ƙwayoyin gado ya ture wannan, ya nuna wasu halittun teku masu kama da jaka, da ke manne wa duwatsu, sun fi ta kusa. Ko yawan nau'o'inta, da ake cewa kusan 30 a rukuni uku, bai zauna ba, don an gano wasu da ido ke gani iri ɗaya ashe iri-iri ne. Ni a ganina nan darasin yake: kama ba ita ce dangantaka ba, kuma littafi kan gyaru idan hujja ta zo. Yaron da ya haddace jerin sunaye bai koyi ko ɗaya ba.

To amma yaron Ɗan Barto bai taɓa ganin teku ba. Shi ya sa na daina farawa da amfiyoksus, nake farawa da gaiwa. Ba wanda ya tashi kusa da fadamun Korama bai san ta ba. Idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ƴar kafar shan iska, ta kwanta watanni har damina ta sauka. Da tsofaffi ke cewa tana cin jikinta ba su yi ƙarya ba, tsokarta ce ke narkewa ta riƙe ta. Gaiwa na da huhu, kuma idan aka hana babba leƙowa saman ruwa mutuwa za ta yi.

Wata rana na sa aka kawo gaiwa da tarwaɗa a bokiti, na zana akuya a allo, na ce wa yara wa ya fi kusa da wa? Duk suka haɗa gaiwa da tarwaɗa. Da na ce a lissafin masana gaiwa ta fi kusa da akuyar, aji ya kaure. Muka shafe awa guda muna gardamar huhu da numfashi. Sai bayan nan na fito da hoton amfiyoksus, kuma a karon farko wata yarinya ta tambaye ni ta yaya aka sani.

Kashegari wani uba ya tare ni bakin kasuwa.

“Malam, an ce kana koya musu kifi ne kakanmu?”

Na ce: “Alhaji, zo ka zauna a ajin ka ji da kunnenka.”

Damuwarsa ba wasa ba ce, ban kuma raina ta ba. Ni musulmi ne kamar shi, ba na ba da fatawa a aji, maganar Annabi Adamu (AS) tana da malamanta. Aikina in gaya wa yaro abin da masana suka ce, da hujjar da suka dogara da ita, da inda suka taɓa gyara maganarsu. Idan na ɓoye, ba kare shi na yi ba. Zai tarar da batun a lise a Damagaram, ko a jami'a, ko a wayarsa cikin dare, daga bakin wanda bai damu da imaninsa ba, kuma zai ce malaminsa tsoro ya ji.

Alhaji bai zo ajin ba. Amma da rani ya yi, shi ya aiko ɗansa da dunƙulen busasshiyar laka da gaiwa a ciki, ya ce mu jiƙa mu gani.