Masu Yabon Tumbi Da Masu Sayar Da Shayin Rage Shi



A ƙasar nan, da zarar mutum ya haura shekara arba'in, rigarsa ta fara ɗagewa ta gaba, sai a shiga yi masa barka. A wurin ɗaurin aure za ka ji ana cewa, "Kai Alhaji, hutu ya karɓe ka," a shafa masa ciki ana dariya. Mace kuwa a ce maigida ya iya kiwo. In kuma mutum ya dage ya rage kilo biyar, ranar da ya shiga dangi sai an ja shi gefe: "Yaya, lafiya kuwa? Ko kasuwa ce ta juya baya?" Wasu ma su koma raɗa, ko ciwon nan ne. Wannan yabon muke ƙalubalanta yau, shi da ƙanensa da ya fi shi cin kuɗin jama'a, wato kasuwar shayin rage tumbi. Ɗaki ɗaya suka fito. Duk su biyun sun ɗauki tumbi maganar ado, wannan ya ce ya yi kyau, wancan ya ce ya ɓata ɗinki, an bar abin da ke faruwa a bayan fata babu mai tambaya.

Ku je wurin mahauci. Idan ya feɗe rago, kitse iri biyu yake tararwa: wanda ke kwance ƙarƙashin fata, da wanda ke can ciki ya lulluɓe hanji. Ɗan Adam ma haka yake. Na ƙarƙashin fata shi ne wanda kake iya kamowa da yatsu a cinya ko a dantse, kuma sharrinsa da sauƙi. Na cikin shi ke turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga. Jinin da ke ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye, yana kai mata maiƙo da wasu sinadarai masu hana jiki jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka. Daga nan hanya ta buɗe wa ciwon suga, hawan jini, kitse a hanta, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa siririn mutum mai ƙafafu kamar sillen kara, amma da ɗan tulun ciki a gaba, bai tsira ba. Sikeli zai ce masa lafiya lau, alhali ɓarna tana gudana.

Awon da ya fi sikeli faɗin gaskiya yana rataye a wuyan telanku. A zagaya tef ɗin tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajajen cibiya, ba can ƙasa inda ake ɗaure wando don a ɓoye kaya ba, kuma ban da shanye ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar abin da ya haura santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, a matsayin haɗari ya fara ƙaruwa. Da awon tela inci 37 ke nan da inci 31 da rabi. In ya wuce santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace, haɗarin ya yi tsanani. A kan Turawa aka fara fitar da waɗannan lambobi, don haka akwai wata ƙa'ida da ta fi dacewa da kowa, dogo da gajere, wadda hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila aiki ta ɗauka a 2022: kada faɗin cikinka ya kai rabin tsawonka. Wannan ko tef ba ya buƙata. Yanki igiya daidai tsawonka, ninka ta biyu, zagaya cikinka. In ba ta haɗu ba, ka sami amsa.

To, ranar da mutum ya farga, su wa ke jiransa? Masu shayi. Buɗe Facebook ko TikTok ka gani: shayin narkar da tumbi cikin kwana bakwai, man shafawa, bel ɗin ɗaure ciki, garin da ake sha da ruwan ɗumi da asuba, hoton wata kafin ta sha da hotonta bayan ta sha, a na farko ta saki ciki, a na biyu ta riƙe numfashi. Da yawa daga cikin irin wannan shayi, abin da ke aiki a cikinsa dangin filasko ne, maganin wankin ciki da kakanninmu suka sani tun kafin a ƙirƙiro leda mai ƙyalli. Mutum ya kwana yana zarya banɗaki, ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi, ya turo shaida da murna. Ruwa ne ya fita da abin da ke cikin hanji. Kitsen yana nan inda yake, kuma ruwan zai dawo cikin kwana biyu, sai a ce masa ai bai sha cikakken kwali ba, ya ƙara saye. Wanda ya daɗe yana sha, gishirin jininsa yana rikicewa, abin da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba ya iya ɗauka. Bel kuwa gumi yake jawowa, gumi kuma ruwa ne.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramine, an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Bayan janyewar, hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa cewa zallar ganye ne. Mai shekara hamsin da jininsa ke hawa, shi ne ainihin wanda bai kamata ya kusanci irin wannan ba, kuma shi ne ake nufi da tallan. In aka ce muku ai yana da lambar NAFDAC, ku juya kwalin ku karanta ƙananan haruffa. Rajistar farko da ake yi wa magungunan gargajiya duba ce ta ko za su cutar, shi ya sa ake sa su rubuta cewa hukumar ba ta tantance abin da suke iƙirarin warkarwa ba. Wannan ma in lambar ta gaskiya ce.

Masu ɗan ilimin motsa jiki su ma suna da tasu tatsuniyar, ta kwanciya a tabarma ana tashi zaune sau ɗari don kitsen ciki ya ƙone. A 2011 an buga wani gwaji da aka yi a Amurka: mako shida ana motsa tsokar ciki kwana biyar a mako, ba a canza abinci ba. Tsokar ta yi ƙarfi, kitsen bai motsa ba. Jiki ba ya ɗibar kitse daga inda ka nuna masa da yatsa, daga ko'ina yake ɗiba idan abin da ke shiga ya gaza abin da ake ƙonawa. Abin daɗin shi ne, na cikin nan mai haɗari yana daga cikin masu saurin amsawa.

Sai uzurin shekaru, wanda ya fi kowanne farin jini a majalisa: "Ai jikin girma ne, ko ruwa na sha sai ya zama kitse." Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2021, wanda ya tattara awon mutane sama da 6,000 daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa yadda jiki ke ƙona abinci bai cika sauyawa ba tsakanin shekara 20 zuwa 60. Rayuwar ce ta sauya. Wanda a da yake taka sayyada daga unguwa zuwa kasuwa, yanzu daga ƙofar gida mota, daga mota kujera, ko biredi zai saya sai ya aiki yaro. Tsoka kuma in ba a sa ta aiki ba raguwa take yi da shekaru. Mata suna da hujja ta gaskiya a nan, domin idan al'ada ta ɗauke, kitsen da a da yake sauka a ƙugu da cinya yana komawa ciki. Wannan dalili ne na a ƙara kula da su, amma a gidaje da yawa lokacin ne ake cewa Hajiya ta girma, ta zauna a kawo mata.

Da za a ce mu zaɓi abu ɗaya da za a fara da shi, abin sha za mu zaɓa. Kwalbar lemo mai rabin lita takan ɗauki sukari sama da gram 50, kusan ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya tsaya ƙasa da kimanin gram 50 a yini, in da hali ma gram 25. Kwalba ɗaya ta cinye kason yinin, ba a zo kan shayin safe ba, wanda mai shayi ke zuba wa sukari da babban cokali, ya bi da madarar gwangwani, a haɗa da rabin biredi. Zoɓo, kunun zaƙi da fura da nono ba su da laifi a karan kansu, sukarin da ake antaya musu ne ya mayar da su lemon kwalba mai sunan gida. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, mutum zai shanye ya kuma ci tuwonsa cif. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Naira goma ko ruwan leda ba ta saya yau, don haka kada kowa ya jira haraji ya cece shi.

Kwanon abinci kuma ba sai an sayo na Turawa ba. Matsalar rabo ce. Malmala uku, miya ɗan cokali, ko shinkafa tsibi da mai da yaji, ko taliya da daddare a kwanta a kai. A juya rabon: malmala ɗaya, miyar ganye ta yi yawa, a sami wake, ƙwai, kifi ko nama marar kitse a gefe. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, kabeji, gurji, yalo, duk suna kasuwar unguwa, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi duk wani gari da ake tallatawa. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar fulawa riƙe ciki. Abin da ke hana magidanta cin waɗannan girman kai ne, an maƙala musu sunan abincin talaka. Ku dubi faifan buɗe-baki a watan azumi, soye-soye hawa-hawa da jarkar zoɓo mai zaƙi, har wasu su fito daga wata guda na ƙishi da yunwa wando ya ƙara matse su.

Motsi kuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema bai fi ƙarfin kowa ba: minti 150 zuwa 300 a mako na abin da zai sa numfashi ya ɗan hau, da kwana biyu na aikin da ke ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar, ta cika ƙaramin adadin. Tsugunno da miƙewa, tura bango, ɗaga jarkar ruwa, sun isa tsoka. Kada a raina wannan. A wani gwaji na Amurka da aka buga a 2002, an ɗauki mutane sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da motsin minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka bai wa ƙwayar metformin, kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da ɗoriya, a cikin watanni, ba kwana bakwai ba.

Babban shingen bakin mutane ne. Dattijo ya sa takalmin roba ya fito da sassafe, matasa su ce Baba ya koma yaro, abokai su ce ko mota ta lalace. Mace kuwa ta isa ta zagaya unguwa da sauri? Sai an tambayi mijinta. Muna da bakin yi wa mai tafiya dariya, ranar da aka kwantar da shi rabin jiki ba ya motsi kuma mu cika asibiti da kwanukan abinci. Wadda ba ta da damar fita, tsakar gida ma fili ne, kuma maigidan da ke iya biyan kuɗin shayin rage tumbi ya fi kyau ya raka ta zagaye bayan la'asar, shi ma cikinsa yana buƙata.

Mu masu riƙe alƙalami abin ya shafe mu ta fuska biyu. Sana'ar zama ce, sa'o'i a kan waya ana buga babi, ga raba dare, shi kuma ƙarancin barci yana buɗe ciki ya sa a nemi zaƙi. Sannan a labaran da ke yawo, in ana son a nuna Alhaji ya tara, tumbi ake fara ɗora masa kafin mota. Kowane irin wannan Alhaji da aka rubuta ƙarin ƙuri'a ne ga masu barka. Wanda ke son mai kuɗi mai shekara hamsin ya fito da rai a takarda, ya duba aljihun rigarsa, zai tarar da ƙwayar hawan jini, ya duba teburinsa, zai ga takardar awon suga da ya ɓoye wa iyalinsa.

Kuma ba kowane babban ciki ne kitse ba. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da dexamethasone, a fuska da ciki suke tara kitse, su tayar da suga da hawan jini, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata su dare ɗaya sai da likita. Cikin da ya kumbura cikin makonni alhali hannuwa suna ramewa, ko ƙafa tana kumbura, ko ido ya yi ɗorawa, yana iya zama ruwa ne daga ciwon hanta, zuciya ko ƙoda. Mace mai ciki da tauri da zubar jini mai yawa, ƙila ƙari ne a mahaifa. Waɗannan hoton ciki da gwajin jini suke buƙata, kuma duk makon da aka ɓata ana shan shayi an ba ciwon tazara. Wanda ke kan maganin suga, musamman allurar insulin, ya gaya wa likitansa kafin ya rage abinci ko ya fara doguwar tafiya, don a daidaita masa maganin kada sukarinsa ya faɗi a hanya.