Malam Mamman Barka ya ceto biram, wa zai ceto waƙoƙin fadar Waca?

A watan Nuwamba na 2018 aka yi jana'izar Malam Mamman Barka a Yamai, kuma tun daga lokacin ba kasafai ake jin amon biram a wani babban dandali ba. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin duk mai kishin kiɗan gargajiya a jihar Damagaram.

An haifi Barka a Tasker a ƙarshen shekarun 1950. Malamin makaranta ne kafin gurmi ya fito da shi, har sunansa ya ƙetara iyaka zuwa Najeriya. Da ya tsaya nan, da ya ci moriyar farin jininsa cikin kwanciyar hankali. Amma a 2002, da tallafin UNESCO, ya tattara ya nufi gaɓar Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram, abin kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mawaƙin da ya riga ya yi suna ya koma ɗalibi. Daga baya ya kai biram har bikin WOMAD a Ingila a 2008 tare da makaɗinsa Umaru Adamu, kuma faifansa ya fito a Turai a 2009.

Abin yabo ne, amma akwai abin tsoro a ciki: gado guda ya rataya a wuyan mutum guda.

Ƙasar Ayalan ta taɓa tsayawa a irin wannan gaɓa. A 1792 aka tara tsofaffin makaɗan garayarsu a birnin Belfast, aka sa wani matashi, Edward Bunting, ya rubuta sautukansu. Makaɗan sun shuɗe, sautukan sun tsira, kuma yau hoton garayar ne a kan kuɗin ƙarfen ƙasar.

A Waca, Magariya da Dungas ba a rasa makaɗan fada, maroƙa da zabiyoyi da ke riƙe da jerin sarakuna da kirarin garuruwa a ka. Yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuwa sun tafi ci-rani Kano ko Libiya. Wasu za su ce roƙo ne, ba sana'ar da za a yi wa kuka ba, kuma yankin na da matsalolin da suka fi wannan zafi. Gaskiya ne. Sai dai aikin ba ya buƙatar miliyoyi. Wayar salular da ake ɗaukar bidiyon biki da ita za ta iya ɗaukar dattijo awa biyu yana rera abin da ya gada, a rubuta sunansa da garinsa da ranar, a biya shi haƙƙinsa, a ajiye kwafi a gidan rediyon gari da Jami'ar Damagaram.

'Yan ƙungiyoyin ci-rani da ke tara kuɗin gyaran rijiya na iya ware wa wannan aiki wani abu kafin damina mai zuwa.