Wa Ya Ce Maginin Zazzau Bai San Zamani Ba?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗaliban Hausa, wadda ya kamata a yi mata taron dangi tun ba ta kashe mu ba. Da zarar an nuna wa ɗayanmu hoton bangon da aka zane a titin wani birni, ko wani ƙira na ƙarfe mai juyawa da iska, sai ka ji ya taɓe baki ya ce wannan shirmen Turawa ne, mu al'adarmu ba ta san shi ba. Mai faɗin haka yana ganin kishin Hausa yake yi. Ni kuwa na ce bai san Hausar da yake wa kishi ba.

Bari mu fara daga gida. Tun kafin a san fentin gwangwani a ƙasar nan, maginan Zariya da Kano da Damagaram suna zane a fuskar gida, watau bangon zaure da ke kallon hanya, inda kowane mai wucewa zai gani ba tare da ya biya ko anini ba. Suna murza zanen ne a jikin ɗanyen yaɓe, sa'an nan su bi shi da makuba ko laso don kada damina ta cinye. Ba kuwa dagi kaɗai suke yi ba. A wajen shekarun 1950 zuwa 1960 maginan Zariya sun ɗora keke da mota da agogo a bango, kusa da takobi da dagi, domin su ne sababbin abubuwan da suka shigo gari, mai gida kuma yana son a san ya waye. Maginin da bai taɓa shiga aji ba ya ga keke ya ce wannan ma ya isa a zana. To, kai ɗan jami'a, wa ya naɗa ka Sarkin Magina har kake hana abin da shi bai hana kansa ba?

Dubi kuma Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, manomi kuma magini. Ya fara masallacin Juma'a na garinsu a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, kowacce da irin siffarta, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan. Da irin ɗalibanmu ne suka yi masa alƙalanci, da sun ce ya ɓata gargajiya, tun da kakanninsa ba su yi haka ba.

Sai batun ƙira mai motsi, wanda ya fi kowanne shan dariya. Alexander Calder, mutumin Amurka, injiniya ne kafin ya koma fasaha. A farkon shekarun 1930 ya riƙa rataye fallayen ƙarfe a jikin waya, ya daidaita nauyinsu kamar ma'aunin mai sayar da zinariya, har ya zama iska kaɗan ta isa ta juya su, siffar abin tana sakewa duk lokacin da ka ɗaga kai. Theo Jansen na ƙasar Holan kuwa tun 1990 yake haɗa bututun roba ya yi wasu manyan abubuwa masu ƙafafu da yawa, waɗanda iskar bakin teku ke turawa su yi tafiya da kansu a kan rairayi. Mai tsoron kada a ce gunki ne ya lura, mafi shahara daga ratayen Calder ba siffar mutum gare su ba, ba ta dabba ba. Lissafin nauyi ne da launi. Mai cewa wasan yara ne kuma, ya yi gaskiya fiye da yadda yake zato. Wane ne a cikinmu bai fere karan dawa ya yi mota ba, ko ya yanka gwangwanin madara ya yi motar langa-langa mai sitiyari da ke juya ƙafafun gaba? Bambancin kawai shi ne, can idan yaro ya yi haka sai a saya masa kayan aiki, nan kuwa sai a karya motar a ce ya tafi ya yi abin kirki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihin Zariya kanta. A 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar fasaha don bijire wa koyarwar malamansu Turawa. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarar zamani a gwama da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya gina sunansa a kai. Duk wannan a ƙasar Zazzau aka yi shi, ga bangayen birni nan kusa cike da zane, ga masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da bakan gizonsa tun ƙarni na 19. Baƙi sun zo garinmu sun koyi darajar nasu. Mu masu gari fa? Muna nan muna rubuta kundin digiri a kan sunayen kayan gini, kamar masu ƙidayar kayan mamaci.

Haka El Anatsui, mutumin Gana wanda ya fara koyarwa a Nsukka a 1975. Murafun kwalabe yake tarawa, a daddaƙe su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bango guda. A 2015 aka ba shi babbar lambar baje kolin fasaha na Banis a Italiya, a 2023 kuma aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. Wannan murafun su ne 'yan jari-bola ke tsinta a kwatocinmu. Masu ƙera akwati da fitila da murhu daga tsohon gwangwani a kasuwanninmu sun fi shi daɗewa a sana'ar, illa dai ba wanda ya taɓa ce musu abin da hannunsu ke yi ya wuce na ɗari biyar.

Masu cewa suna tsaron al'ada su gaya mana inda suke lokacin da ake kankare zanen zaure ana manna tayil irin na banɗaki a fuskar gida. Ban ji ƙungiya ɗaya ta rubuta takardar koke ba. Amma yaro ya ɗauki fenti ya nemi bangon makaranta ko katangar tasha, nan take za a sami mai yi masa wa'azin gargajiya. Alhali masu fentin manyan motoci sun daɗe suna zana zaki da dawisu da dabino a jikin bodi, suna yawo da su daga Kano har Legas, ba wanda ya ce sun zama Turawa.

Ina kira ga wannan ƙungiya tamu, a Makon Hausa mai zuwa a rage jawabi ɗaya daga cikin jawaban manyan baƙi. A nemi izinin bango guda daga hukumar makaranta, a gayyato magini ɗaya daga cikin gari, da mai fentin mota ɗaya, da ɗaliban sashen zane-zane, a ba su kwana bakwai. Kuɗin fentin ba zai kai na lemon da muke raba wa baƙi ba.