Darasin Chicago: Abin da ke riƙe da iyayen gidan siyasa

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1960, John F. Kennedy ya kayar da Richard Nixon a jihar Illinois da ratar da ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, cikin ƙuri'u fiye da miliyan huɗu da rabi. Nixon ya cinye akasarin ƙauyuka da ƙananan garuruwan jihar, sai birnin Chicago ya yi wa Kennedy ruwan ƙuri'u. Wanda ke riƙe da akalar birnin a lokacin shi ne magajin gari Richard J. Daley, da ya yi mulki daga 1955 har ya mutu a 1976.

'Yan jam'iyyar Republican sun yi zargin maguɗi, aka sake ƙirga wasu akwatuna, sakamakon bai sauya ba. Kuma ko da an ƙwace Illinois daga hannun Kennedy, zai rage da wakilan zaɓe 276, alhali 269 ake buƙata. Ni dai ba batun maguɗin ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Tambayata ita ce, ta yaya mutum ɗaya zai yi alkawarin ƙuri'un birni guda, kuma ya cika?

Daley ya haɗa kujera biyu: magajin gari da shugaban jam'iyyar Democrat na yankin Cook. Chicago na da mazaɓu 50, kowacce da jagoranta, a ƙarƙashinsa kuma akwai wakili a kowace rumfar zaɓe. Wannan wakilin ya san gida-gida. Shi ke samo wa ɗanka aikin kwasar shara, shi ke sa a gyara fitilar layinku, shi ke bin lasisin shagonka. Da yawansu ma'aikatan birni ne, idan rumfarsu ta faɗi, abincinsu na iya tafiya. Ranar zaɓe sai ya ƙwanƙwasa ƙofa, a rama wa kura aniyarta ko a saka alheri da ƙuri'a.

Mai karatu a Kano ko Legas ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. A 2023 Rabiu Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano a jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya a lokacin. Shi ya sa duk mai neman shugabancin Najeriya ke fara sallama a ƙofar iyayen gidan manyan birane kafin ya tuna da talakan da ke ciki.

Wani zai ce ai tsarin na taimakon talaka. Gaskiya ne. Wanda aka biya wa kuɗin asibitin matarsa ba za ka ce masa butulci ne daidai ba. Amma a duba da kyau: aikin, fitilar da maganin duk da kuɗin jama'a ake yin su. Haƙƙinka ne aka riƙe, aka miƙo maka a matsayin alfarma. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, kuma wannan dabarar tsohuwa ce.

Yadda ƙarfin gidan Daley ya ragu shi ne darasin. Wani lauya, Michael Shakman, ya kai ƙara, a 1972 aka haramta korar ma'aikacin birni saboda siyasa, a 1983 haramcin ya kai ga ɗaukar aiki. A wannan shekarar Harold Washington ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar magajin garin, ba da yardar manyan jam'iyya ba. Da aiki ya fara fita daga aljihun ubangida, sai biyayyar ta fara sassautawa.

A gida ma an ga alama. A 2023 Bola Tinubu ya ci ƙasa amma ya faɗi a Legas, inda Peter Obi ya wuce shi da ƙasa da ƙuri'a 10,000.

Saboda haka zagin iyayen gida a Facebook ba zai rage musu komai ba. Abin da zai rage musu ƙarfi shi ne a riƙa tallata guraben aikin gwamnati a fili, a ba da tallafin karatu da magani ba tare da takardar ɗan majalisa ba. Idan 'yan takarar 2027 suka zo unguwarku, ku tambaye su wannan kafin ku karɓi taliya.